Kyanwar Maƙwabta da Kajin Gidana

Tambaya: Malam, ina kiwon kajin Hausa a bayan ɗaki, kuma kyanwoyin maƙwabta kullum suna kan katangarmu. Za su iya yi mini ɓarna? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki a kan manyan kajin. Kyanwar gida da ƙyar take tunkarar kaza babba, balle zakara mai ƙaimi a ƙafa. Ki lura da uwar 'yan tsaki in ta buɗe fukafukai ta kumbura wuya, sai ki ga mage ta ja da baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne 'yan tsaki. Daga ƙyanƙyasa har su kai wata biyu, loma ɗaya ne, musamman waɗanda aka sayo ba uwa. Su kam a tsare su a akurki mai ragar waya wadda yatsa kaɗai zai shiga, a rufe samansa, a kulle tun magariba. Muzurun da ba shi da ubangida da dare yake farauta, kuma shi yunwa ke koro shi.

Amma sau da yawa ana ɗora wa mage laifin wani. Ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka? Ki dubi sama, shirwa ce ko shaho. Ƙwai ke raguwa? Ki nemi ramin gafiya ko maciji. Magen ma tana rage miki ɓerayen da ke cinye dusa.

Don Allah kada ki zuba guba. Kajinki ne za su fara tsattsaga, ga yara suna wasa a tsakar gida, ga haƙƙin maƙwabtaka. Ki gyara akurkin kawai.