Gyaran Fuska Da Reza: Darasi Ga Masu Sabon Gemu

Kowace shekara, da an dawo daga dogon hutu, akan sami yara uku ko huɗu a aji huɗu waɗanda suka tafi gida da fuska sumul, suka komo da ɗan baƙi-baƙi a leɓen sama da 'yan tsirarun gashi a haɓa. Ran Asabar da sassafe, kafin a zo duba ɗakunan kwana, sai ka gan su a bayan wurin wanka, ɗaya na riƙe da fasasshen madubi, ɗaya na kankare fuska da tsirarar reza, irin wadda muke fiƙe fensir da ita. Ba ruwa, ba sabulu. Mu ma da muke wannan rubutu haka muka fara, kuma akwai a cikinmu wanda har yau yake ɗauke da tabo a ƙarƙashin kunne. Shi ya sa muka ga ya kamata, kafin mu bar makaranta, mu bar wa ƙannenmu abin da muka koya, wani daga bakin iyaye, wani daga littattafai, mafi yawa kuwa daga jinin da muka zubar a banza.

A da, wannan ba aikin da mutum zai yi wa kansa ba ne. Wanzami ne zai zo da zabirarsa, ya zauna a kan tabarma, ya wasa aska a jikin fata, ya jiƙa wurin da ruwa yana murzawa da hannu har gashin ya yi laushi, sa'an nan ya fara. Ku lura da wannan murzawa, domin za mu komo kanta. Wanzami ya gaji sana'arsa, tun yana yaro yake kallon hannun ubansa. Mu kuwa da muke kwana a makaranta ba mu da wanzami a kusa, kuma aska a hannun wanda bai iya ba wuƙa ce kawai.

Abin da ya raba talaka da wannan matsala ya fito ne daga Amurka. Wani ɗan tallan kaya mai suna King Camp Gillette ya yi aiki a ƙarƙashin William Painter, mutumin da ya ƙirƙiro murfin kwalbar lemo. Painter ya ba shi shawara ya nemi abin da mutane za su yi amfani da shi su yar, su dawo su sake saye. A 1895 tunanin ya zo masa: maimakon aska mai kauri da kullum sai an wasa, a yi siririn ƙarfe mai baki biyu, a ɗaure shi a cikin gida mai mariƙi, in ya dakushe a jefar. Masana ƙarfe da yawa sun ce ba zai yiwu ba, sai da wani injiniya, William Nickerson, ya gano yadda za a ƙera shi. An kafa kamfanin a Boston a 1901. A 1903 gidan reza 51 kacal suka sayar, da reza 168. Shekarar da ta biyo baya suka sayar da gida wajen 90,000. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyinsu, sojojin suka koma gida da al'adar. Rezar farko takan yi tsatsa da wuri. Sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya bazu da wadda ba ta tsatsa, irin wadda yau ake samu a kowace tireda a naɗe cikin 'yar takarda.

Abin mamaki shi ne, duk mun san rezar, amma kaɗan ne a cikinmu suka san an yi ta ne don a sa ta a gida. Ramin nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke tsakiyarta ba ado ba ne, wurin zamanta ne. Gidan kashi uku ne: murfi a sama, faranti a ƙasa, da mariƙin da ake murɗawa ya haɗa su. Ana ɗora reza a kan murfin, a riƙe ta ta gajerun gefunan da ba su da kaifi, a ɗora farantin, a murɗa mariƙin har ya kama. Murfin yakan ɗan lanƙwasa rezar, farantin kuma yakan riga bakin taɓa fata, don haka ɗan kaɗan ne na kaifin yake leƙowa. Kafin ka kai ta fuska, ɗaga ta wajen haske ka duba ko bakin ya fito daidai a ɓangarorin biyu. In ɗaya ya fi ɗaya fitowa, kwance ka sake ɗaurawa.

Yanzu mu koma ga murzawar wanzami. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, amma yana shan ruwa, in ya sha kuwa sai ya kumbura ya yi laushi. Wannan yana ɗaukar minti biyu zuwa uku, ba ƙasa da haka ba. Don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wanka, ba kafinsa ba. Ruwan ɗumi ya fi, amma mun san halin da ake ciki a nan da hunturu, sa'ad da ruwan bokiti ke kwana a waje. Wanda ya sami moɗa ɗaya ta ruwan zafi daga wajen masu dafa abinci ya surka, ya jiƙa ƙaramin tawul ya dafe fuska da shi. Wanda bai samu ba, ruwan sanyi ma yana yi, sai dai ya ƙara haƙuri.

Sai kumfa. Amfaninta biyu: ta riƙe ruwan a jikin gashi, ta kuma sa ƙarfe ya zame a kan fata. Mai buroshin aski ya jiƙa shi, ya yarfe, ya murza a kan sabulu kamar rabin minti, sa'an nan ya riƙa juya shi a fuska yana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo. Marar buroshi ya yi da tafin hannu. Kumfar da ake so mai kauri ce mai santsi, kamar kindirmo. In ta yi manyan ƙwayoyi kamar ta wankin kaya, ruwa ya yi yawa; in ta bushe tana farfashewa, ruwa ya yi kaɗan. Sabulun wanka mai laushi ya isa. Sabulun wanki kuwa a bar wa riguna, yana busar da fata har ta yi furu-furu.

Kafin ka sa reza, akwai wani abu da za ka yi sau ɗaya tak a rayuwarka, kuma shi ne ya fi kome muhimmanci a wannan darasi. Ka bar gashin kwana biyu ko uku, ka shafa fuskarka da yatsa ta kowace fuska. Inda ka ji santsi, nan ne gashin ya kwanta; inda ka ji kaushi, ka saɓa masa. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo. Amma a wuya kowa da irin nasa: na wani sama yake yi, na wani gefe, na wani ma juyawa yake kamar guguwa a gefen maƙogwaro. Wani a cikinmu sai da ya zana fuskarsa a bayan littafin lissafi da 'yan kibiyoyi. Mun yi masa dariya a lokacin, amma shi kaɗai ne bai taɓa yin ƙuraje ba. Dokar ita ce, reza ta bi kwanciyar gashi.

Ga yadda ake riƙo. Ɗora bayan murfin a kumatu, mariƙin yana kallon waje sosai. Sai ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi. Wannan kusurwa, wajen digiri 30, ita za ka riƙe. Kunnenka ma zai taimake ka, domin in ta kama daidai za ka ji ɗan ƙara kamar ana yayyage takarda. Kada ka danna. Wanda ya saba da 'yar robar nan ta aski da ake yarwa ya saba da dannawa, domin ba ta da nauyi. Gidan ƙarfe kuwa nauyinsa kaɗai ya isa. Ja gajere-gajere, kamar tsawon gaɓar yatsa, ka ɗauraye a kwano, ka juya ɗaya bakin. Kada ka taɓa jan reza ta gefe, wato ta tsawon bakinta, domin haka ake yanka nama. Fara da kumatu, sai wuya, ka bar haɓa da leɓen sama zuwa ƙarshe, saboda gashinsu ya fi tauri, gara su daɗe cikin kumfa. A kan maƙogwaro, ɗan ja fatar gefe ka aske ta a inda ba tudu. In ka gama ka ga saura, sake shafa kumfa ka bi sau ɗaya. Reza ba ta komawa inda babu kumfa.

Fuskar ba za ta yi sumul kamar ta jariri ba, kuma muna roƙonku kada ku nemi hakan. Ga dalili. Gashin yawancinmu murɗaɗɗe ne, tun daga cikin raminsa a lanƙwashe yake fitowa. In aka aske shi ƙasa-ƙasa, musamman in an ja fata ta miƙe ko an saɓa wa kwanciyarsa, sai tsinin ya koma ƙarƙashin fata. Da ya fara tsiro, maimakon ya fito waje sai ya soki bangon ramin, ko ya fito ya lanƙwasa ya sake shiga. Jiki kuwa yakan ɗauke shi kamar ƙaya, ya tara masa ruwa. Ƙurajen askin ke nan da muke gani a wuyan manya da yawa, masu barin baƙaƙen tabo, wani lokaci har su zama tudun nama mai tauri. Rezoji masu baki biyu ko uku a jere, waɗanda suka fara fitowa a 1971, an yi su ne don na gaba ya ɗago gashi na baya ya yanke shi can ƙasa. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan daɗi ne, ga irinmu kuwa sau da yawa masifa ce. A nan ne tsohuwar reza mai baki ɗaya ta fi su.

Wanda ƙurajen suka riga suka kama, maganin farko shi ne ya ajiye reza makonni uku ko huɗu, gashin ya yi tsawo ya zaro kansa. Ya je wurin malamin da ke kula da ɗakin kwanansa ya yi bayani, ya rage da almakashi ko kilifa ya bar ɗan kaɗan. Kada a tsige gashin, kada a matse. Mun taɓa jin masu shafa baƙin mai ko ruwan batir. Wannan ƙona fata ne kurum. In sun yi mugunya ko sun ƙi tafiya, a tafi ɗakin shan magani. Akwai kuma waɗanda fatarsu ba ta son reza ko ta wace hanya, su kilifa ce abokiyarsu har abada, kuma ba abin kunya ba ne.

Za ka yanke kanka, wannan babu makawa, musamman a makonnin farko. Ɗauraye da ruwan sanyi, ka jiƙa ɗan dutsen alif, irin wanda ake tace ruwa da shi, ka dafa a wurin. Zai yi zafi, jinin zai tsaya. Bayan an gama duka a wanke fuska da ruwan sanyi, a dafe da tawul ba tare da gogawa ba, a shafa ɗan man kaɗanya.

Tun da maganar jini ta zo, bari mu faɗi abin da ba wasa a cikinsa. Mun saba da aron kome a nan: guga, bokiti, cokali, har takalmin zuwa gari. Reza ba ta cikin wannan. Ɗan yankan da ido bai gani ba ya isa ya bar jini a bakinta. Kowa ya san ƙanjamau, amma ƙwayar ciwon hanta nau'in B ta fi ta saurin kamu nesa ba kusa ba, tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma mai ɗauke da ita yakan yi shekaru bai sani ba. Ɗauraye reza da ruwa ba ya kashe ta. In abokinka ya roƙa, ba shi sabuwa a cikin takardarta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Haka alif da tawul, kowa da nasa. In ka je shagon aski a gari, ka ga an ɓare sabuwa a gabanka.

Akwai wata magana da ke yawo a ɗakunan kwana, wai aski yana sa gemu ya yi kauri ya fito da sauri. Saboda ita ne 'yan aji uku ke kankare kumatun da ba kome a kansu. Tun a 1928 wata masaniyar sassan jiki a Amurka, Mildred Trotter, ta auna gashin fuskar maza masu aski, ta tarar aski ba ya canza kaurinsa, ko launinsa, ko saurin tsironsa. Abin da ke faruwa shi ne, gashin da ba a taɓa yankewa ba bakinsa siriri ne, wanda aka yanke kuwa bakinsa a datse yake, sai ya fi kaushi a hannu. Kuma shekarun da yaro ke fara aski su ne shekarun da gemunsa ke ƙaruwa da kansa, ko ya aske ko bai aske ba. Ku jira, zai zo, har ku gaji da shi.

Reza ɗaya takan yi aski uku zuwa biyar, gwargwadon taurin gashin mutum. Da ka ji tana ja maimakon yanka, ta gama aiki. Bayan kowane aski sassauta mariƙin, ɗauraye, yarfe ruwan, ka ajiye inda zai bushe, ba cikin jiƙaƙƙen soso ba. Tsohuwar kuwa kada a jefa ta bayan taga ko cikin kwandon shara, domin 'yan aji ɗaya ne ke kwashe sharar da hannu, ga kuma yaran unguwa da ke tone juji ba takalmi. Mu a ɗakinmu gwangwanin madara muka samu wanda ba a buɗe ba, muka tsaga 'yar ƙofa a samansa, muka tsiyaye madarar a koko, muka wanke shi ya bushe. Rezar da ta shiga ba ta fitowa. Shekara biyu ke nan bai cika rabi ba, kuma mun bar shi a kan tagar da ke kusa da ƙofa.