DARASI: ITACEN DA YA RUƁE DAGA CIKI

'Yan'uwa manoma, kusan kowane gida yana da itacen inuwa, ko darbejiya, ko mangwaro, ko maɗaci. A gindinsa mata suke daka, yara suke wasa, a nan kuma muke ɗaure awaki. Amma iskar farkon damina takan kā da itace mai ɗanyen ganye sharaf a kan ɗaki, sai mu tarar cikinsa kogo ne.

Me ya sa ganye yake ruɗinmu?

Ruwa da abincin itace suna bi ta ɓawo da ɗanyen icen da ke ƙarƙashin ɓawon. Icen tsakiya kuwa ya daina jan ruwa. Saboda haka tsakiya tana iya ruɓewa shekara da shekaru, ganye yana nan kore, mangwaro yana ta 'ya'ya. Kyan ganye bai nuna ƙarfin gindi ba.

Ta ina ruɓa take shiga?

Ta rauni take shiga. Ƙwayoyin cuta dangin naman kaza suna sauka a kan rauni, su yi ta cin icen a hankali, gara kuma takan bi baya. Sau da yawa mu ne muke buɗe musu ƙofa: muna ƙona shara a gindin itace, muna sassaƙe ɓawon maɗaci don magani, muna datse manyan rassa mu bar kututture, muna yanke saiwa wajen haƙa salga ko tushen gini.

A shekara ta 1977 wani masanin daji na Amurka, Alex Shigo, ya bayyana cewa itace ba ya warkar da rauni kamar jikin mutum. Sai dai ya yi wa wurin shinge daga ciki, ya ɗora sabon ice a waje. Ɓawo yana iya rufewa sumul, ruɓa tana kwance a ciki.

Alamu shida da za mu duba

1. Naman kaza mai tauri da ya fito a jikin itace ko a gindinsa kamar faifai. Wannan babbar alama ce, domin in ya fito waje, ya riga ya daɗe yana ci a ciki.
2. Rami ko kogo, musamman inda aka taɓa sare reshe. Mu zura sanda mu ji zurfinsa.
3. Hanyar gara a jikin ɓawo, ko garin ice kamar dusa a gindi.
4. Tsaga mai zurfi, musamman inda manyan rassa biyu suka rabu.
5. Baƙin ruwa mai wari da ke tsatsowa, ko ɓawon da ya ɗaga, ko gindin da ya kumbura a gefe ɗaya.
6. Busassun rassa a can sama, ko itacen da ya soma karkata, ƙasa tana tsagewa a bayansa. Wannan yana nuna saiwa ta lalace.

Gwaji da ƙota

Mu ɗauki ƙotar gatari mu bubbuga gindi, muna kewayawa daga ƙasa zuwa inda hannu ya kai. Lafiyayyen ice yana da amo gajere mai nauyi. Mai kogo yana amsawa kamar ganga.

Kogo kaɗai ba ya sa a sare itace. Kuka takan yi shekaru masu yawa da kogo tana tsaye. Abin dubawa shi ne kaurin icen kirki da ya rage. Masu duba itatuwa suna bin wannan ma'auni: kowane inci 6 na faɗin gindi yana bukatar aƙalla inci 1 na icen kirki a kewaye. Gindi mai faɗin inci 24 yana bukatar inci 4 ke nan. In kogon a buɗe yake ta gefe, ana bukatar fiye da haka.

Abin da za mu yi

In mun ga alama biyu ko uku a itacen da ke kusa da ɗaki, mu kawar da tabarma, da turke, da wasan yara daga ƙarƙashinsa tun yau. Mu kira malamin daji ya duba, domin a wurare da yawa sai da izini ake sare itace. Wani lokaci rage rassa masu nauyi ya isa. Kada mu cusa siminti a kogo, kada kuma mu sa wuta a ciki don korar maciji. Dukansu ba sa tsai da ruɓa, wuta ma ƙara ta take yi. Kada kowa ya hau ruɓaɓɓen itace. In an sare, mu dasa wani nesa da bango.

Mu yi dubawa sau biyu a shekara: da bazara kafin iska ta taso, da tsakiyar damina lokacin da naman kaza ya fi fitowa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. Wane itace ne a gidanka zai faɗa kan ɗakin kwana in ya karye?
2. Waɗanne mutum biyu za mu zaɓa su kewaya gidajen 'yan ƙungiya kafin ruwan fari?