Yaya Arduino Ke Aika Saƙo Daga Gona?

Tambayarmu daga wani mai sauraronmu ce a Gummi, jihar Zamfara, yana cewa: "Ina harhaɗa Arduino domin auna ruwan gonata ta rani. Yaya zan sa ta riƙa turo mini sakamako a waya?"

To malam, Arduino Uno, wadda asalinta Italiya ne, ba ta iya shiga intanet ko aika saƙo da kanta. Sai ka haɗa mata SIM800L, ƙaramar na'ura mai ɗaukar layin waya. Arduino za ta ba ta umarnin AT+CMGF=1, sannan AT+CMGS da lambarka, sai rubutun ya tafi a matsayin saƙon tes. Saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma idan ka sa ƙ, ɗ ko ɓ, sai ya koma 70.

Kula da wuta: SIM800L na son kusan volt 4, kuma takan ja har amfiya 2 lokacin aikawa, don haka ka ware mata batirinta. Inda sabis ke yankewa, ka sa Arduino ta adana bayanan a memori har ya dawo. Allah ya ba da sa'a.