Me ya sa manhaja ke cewa bayanan mai neman aiki sun saɓa?

Kafin kamfani ya ɗauki ma'aikaci, yakan gwada abin da ke cikin CV ɗinsa da bayanan NIN, BVN, sakamakon WAEC da takardar NYSC. Sau da yawa manhaja ce ke fara tantancewar, kuma harafi bayan harafi take bi. A wurinta Muhammad daban, Mohammed daban.

Ga inda aka fi samun saɓani:

1. Suna: sunan mahaifi yana farko a wata takarda, yana ƙarshe a wata. Tsofaffin manhajoji kuma kan mayar da ƙ ko ɗ alamar tambaya.
2. Ranar haihuwa: 03/04/1998 a Najeriya 3 ga Afrilu ce, a tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris.
3. Tarihin aiki: watan fara aiki a CV ya bambanta da na takardar kama aiki.

Ba kowane saɓani ba ne ƙarya, amma yakan sa a ajiye takardun mutum a gefe ba tare da an kira shi ba. Don haka tun kafin ya nema, ya jera takardunsa ya duba. NIN a NIMC ake gyarawa, BVN a banki. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba shi haƙƙin neman a gyara kuskure.