Kafin ka sayi fure, ka tuna da watan Maris



Sana'ata renon furanni da shirya lambun gida. Akasarin aikina a yankin Rigachikun da kewaye a Kaduna yake, daga Kawo da Mando zuwa sababbin unguwannin da ke ta tasowa a gefen titin Zariya, wajejen filin baje kolin kasuwa da Cibiyar Malamai ta Ƙasa. Koken da na fi ji daga bakin masu gidaje guda ne: "Malam, na zuba kuɗi na sayi fulawa, ko shekara ba ta yi ba duk ta bushe." In na bi diddigi, sai in tarar tun ranar saye aka yi asarar, domin an zaɓi furen ne da ido, ba a tambayi halinsa ba.

Yawancin mutane a tsakiyar damina suke sha'awar fure, lokacin da komai ya yi kore shar. To amma ruwan Kaduna, wanda kan kai wajen milimita 1,200 a shekara, daga ƙarshen Afrilu ko Mayu yake sauka zuwa Oktoba. Daga nan sai hunturu da busasshiyar iska da ƙura, sannan zafin Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya, 'yan garuwa kuma su yi tsada. Duk shukar da za ka kawo gidanka, ka tambayi kanka: a watan Maris wa zai ba ta ruwa, daga ina, kuma nawa? Amsar da ka bayar ita za ta zaɓa maka fure.

Idan ruwa na yi maka wuya, fara da boganbiliya, wadda ake gani ta lulluɓe katangu da ja ko shuɗi mai jaja ko fari. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, amma yanayinmu ya karɓe ta ƙwarai. Rana tsantsa take so, kuma da rani ta fi yin ado. In ka cika mata ruwa da taki, ganye za ta yi ta fitarwa, launin ya ƙi zuwa. Tana da ƙaya, saboda haka a nisanta ta da hanyar wucewa, a riƙa datse ta kafin ta hau wayar wuta ko ta yi wa katanga nauyi.

Sai namu na gida da muke rainawa. Lalle yana yin shinge mai kyau in ana aske shi, furensa ƙanana ne masu ƙamshi, ga uwargida ta samu na ƙunshi a ƙofar ɗaki. Da zarar ya kama ƙasa, da wuya fari ya kashe shi. Haka ƙariya, mai kaurin gindi da fure ruwan hoda, wadda ke tsirowa da kanta a dazuzzukan Arewa. A gindinta take adana ruwa, shi ya sa takan yi fure a tsakiyar rani ko da ganyenta ya zube. Yawan ruwa ne ajalinta. A sa ta a tukunya mai huda ko a kan tudu, cikin ƙasa mai yashi, kada ruwan Agusta ya kwanta mata.

Idan kana da burtsatse ko rijiyar da ba ta ƙafewa, za ka iya ƙara hibiskos da igzora. Hibiskos dangin zoɓo da kuɓewa ne, duba furensa za ka ga kamar. Kusan duk shekara yake fure in yana samun ruwa bayan kwana biyu ko uku da rani. Babban abokin gabarsa farin ƙwaron nan ne mai kama da auduga, wanda ke taruwa a kan toho. Da ka gan shi, yanke reshen da ya fi kamuwa, ka fesa ruwan sabulu kaɗan ko jiƙon ganyen darbejiya da yamma, ka maimaita bayan mako guda. Ita kuwa igzora, mai curin jajayen furanni, ba ta shiri da siminti da toka da ruwan wanki. Wannan ne ya sa a sababbin gidaje ake ganin ganyenta ya koma rawaya: an dasa ta a jikin gini, cikin ƙasar da magina suka bar ɓaraguzai da ragowar kwaɓi. Ko buhun taki aka juye mata ba za ta murmure ba, sai an canza ƙasar.

Ga wanda ke son layin shinge a gefen hanyar mota, wadda masu lambu ke kira yalo-bush tana da sauƙin kamawa, sai dai tana son almakashi a kai a kai. Fure irin wardi kuwa, ba na ba sabon shiga shawarar fara da shi. Yana yi a Kaduna, amma sai da kulawar yau da kullum, da magani, da inuwar yamma.

Akwai batun da nake roƙon iyaye su ɗauka da muhimmanci. Wasu daga cikin furannin da suka fi jure fari suna da guba. Oliyanda, mai dogayen siraran ganye da fure fari ko ruwan hoda, duk jikinta guba ne mai taɓa zuciya, har hayaƙinta ba a so, don haka kada a sa itacenta a murhu. 'Yar uwarta mai rawayan fure kamar ƙararrawa, ƙwallonta na iya kashe yaro in ya tauna. Ruwan jikin ƙariya da na furen da ake kira alamanda su ma ba abin wasa ba ne ga baki da ido. Shukar da ake kira lantana kuma tana lalata hantar shanu da tumaki da awaki, ga ta da saurin mamaye fili. Gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi sake, da makarantu da islamiyyu, a bar irin waɗannan, ko a sa su inda hannu ba ya kaiwa. Mai sayar da furen da ya ɓoye maka wannan bai yi maka adalci ba.

Lokacin dashe mafi kyau shi ne Yuni, bayan ruwa ya zauna. Shukar za ta samu wata huɗu tana kafa saiwa da ruwan Allah, kafin hunturu ya iso. A wurin saye, kada ka ruɗu da wadda ta fi tsayi da fure. Ɗauki gajeriya mai rassa da yawa da lafiyayyen ganye, ka ɗaga ledar ka duba. In saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa, to ta daɗe a wurin, za ta wahala bayan an tumɓuke ta.

Ƙasarmu a wurare da dama ja ce mai tauri, wani wurin ma marmara ce. Haƙa rami kamar ƙafa biyu faɗi da zurfi, ka kwashe ɓaraguzai, ka cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Yaga ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse, kuma kada ka binne gindin fiye da yadda yake a leda. Da rani a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye don riƙe laima, amma a bar tazarar tafin hannu daga gindin saboda gara. Ban ruwa da sassafe ko da la'asar, a ƙosar da shuka sau biyu a mako, ya fi a yayyafa mata kaɗan kullum, domin shi ke tura saiwa ƙasa. Wadda ke wajen gida a kewaye ta da waya ko ƙaya, in ba haka ba akuya za ta gama da ita a yini guda.

Masu tsoron maciji da sauro, tsoronku na da dalili, amma maganinsa sauƙi ne. A riƙa sassabe rassan ƙasa har a iya ganin gindin, a share busassun ganye, kada a bar ruwa ya kwana a faranti ko gwangwani a ƙarƙashin tukwane.

Wanda ba shi da kuɗin saye ma ba a bar shi a baya ba. Hibiskos da lalle da yalo-bush duk suna kamawa daga reshe. Nemi izinin maƙwabci ka yanki reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, ka cire ganyen ƙasa, ka soka a leda mai yashi a inuwa. Cikin 'yan makonni za ka ga toho.

'Yan uwa, ku fara da iri biyu ko uku da kuka tabbatar za ku iya shayarwa har ruwa ya dawo. In sun tsallake rani guda lafiya, sai ku ƙara wasu. Kuma kafin ku biya kuɗi, ku tambayi mai lambu abu uku: ruwa nawa take sha, rana take so ko inuwa, sannan tana da guba ko babu. Allah ya sa albarka a gidajenmu.