Amsar Tambaya: Hayaniyar Gidan Abinci a Samaru

Malama, kina da gaskiya. Janareta na ruri a gindin tagarki har tsakar dare, kiɗa ya hana yara barci, kin yi magana manajan gidan abincin ya ce ki bar unguwar. Wannan take haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma cinikin ɗaliban jami'ar ABU ba hujja ba ce.

Kada ki sake zuwa ke kaɗai. Maigidanki da maƙwabta su kai kuka ga mai unguwa, a kira mai wurin da kansa. Ku nemi a matsar da janareta baya, a rage kiɗa bayan isha'i. In ya ƙi, ku rubuta ƙorafi ga Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ko hukumar kare muhalli ta KEPA. Dokar hukumar NESREA ta 2009 ta hana hayaniyar da ta wuce kima. Ki naɗi ƙarar a wayarki tukuna.