IDAN BASHI YA CINYE JARI: DARASI DAGA ABDULLAHI ƊAN ZUBAIRU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk wanda ya san kasuwannin Gwandu da Kalgo ya san ana yin cinikin shinkafa a kan bashi. Manomi ya ci bashin taki, mai injin casa ya ɗauki shanshera sai ya sayar ya biya. Da ambaliyar ruwan 2020 ta cinye gonakin fadama a Jihar Kebbi, wanda ya rasa amfanin gona ya kasa biyan wanda ke binsa, shi ma wancan ya kasa biyan na gaba. To, idan jarin attajiri ko na kamfani ya karye haka, me shari'a ta tanada?

Da farko, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara Allah Ya umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, Ya kuma nuna yafewa ta fi alheri. Amma sharaɗi ne kada a ƙara ko kwabo saboda jinkirin, gama wannan ita ce ribar jahiliyya. Ya halatta a rage wa mutum bashin da lokacinsa ya yi, amma Imamu Malik ya hana a ce wa mai bi ya rage domin a biya shi kafin lokaci.

Idan bashi ya kewaye dukiya, masu bi suka kai ƙara, alƙali zai yanke wa mutum hukuncin muflisi, watau ya hana shi taɓa dukiyarsa. Duk bashin da ke kansa ya zama na biya nan take. Wanda ya tarar da hajarsa tana nan yadda ya sayar, yana da ikon ɗaukar abarsa, in ji Risala. Saura a sayar a raba gwargwadon abin da kowa ke bi. Muhtasar ya ce a gaggauta sayar da dabbobi, amma gida da gona a jinkirta kamar wata biyu don kada a karyar da su, a kuma bar masa abinci da tufafi, shi da iyalinsa. Wanda aka tabbatar ba shi da kome ba a tsare shi. Wannan fiƙihu ne Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 aka binne shi a Gwandu, ya rayu yana karantarwa.

Sai dai kafin a kai ga gwanjo, akwai aikin amintaccen gwani. Buhari ya ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwamu, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa ɗansa Abdullahi wasiyya da bashinsa ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira. Dalilin bashin kuwa, idan mutane suka kawo masa ajiya sai ya mayar da ita rance a wuyansa, don tsoron kada ta salwanta. Da aka ƙidaya sai aka sami 2,200,000, alhali bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje, 11 a Madina, 2 a Basra, 1 a Kufa, 1 a Masar. Har Hakimu ɗan Hizamu ya ce bai ga alamar za su iya biya ba.

Abdullahi bai firgita ba. Ya fara da lissafi har ya san iyakar bashin. Ya ɗauki filin Gaba, wanda mahaifinsa ya saya 170,000, ya kasa shi kashi 16, kowane kaso 100,000, ya tashi 1,600,000. Abdullahi ɗan Ja'afaru, mai bin 400,000, ya ce zai yafe ko ya jinkirta, amma aka daidaita ya karɓi yanki na filin. Da aka gama biya, magada suka nemi rabo, ya ƙi, sai da ya shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Sa'an nan ya raba gado, kowace daga matan mamacin 4 ta sami fiye da miliyan guda.

A Nijeriya, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ba da damar a danƙa kamfanin da bashi ya danne a hannun ƙwararren mai kula, a dakatar da masu bi na wani lokaci, shi kuwa ya fara neman hanyar da kamfanin zai rayu kafin a yi zancen rushe shi. Musulmin da aka ɗora wa wannan nauyi, ko akanta ne, ko lauya, ko dattijon kasuwa da aka sa ya shiga tsakani, lalle ya yi koyi da ɗan Zubairu. Ya rubuta kowane bashi, kada ya ɓoye wata kadara, kada ya fifita ɗan'uwa ko mai ƙarfi a kan sauran masu bi, kada ya sayar wa kansa ko yaransa da araha, ya kuma tuna da haƙƙin leburori da ke jiran ladan guminsu.

Shi kuma wanda ake bi, ya sani Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirin mai hali zalunci. Wanda ya mayar da gonarsa da sunan matarsa don ya tsere wa masu bi, in ya kuɓuta a gaban alƙali, ba zai kuɓuta ranar hisabi ba. Masu zakka kuma su tuna aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa wanda bashi ya danne cikin masu rabo, muddin ba a saɓon Allah ya ci shi ba.

Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a kasuwannin Musulmi, amin.